Hayatu Na-Ɗaya

A Ƙofar Dundaye an yi wani maɗinkin riguna mai suna Hayatu, wanda tsofaffin unguwar suka yarda ba a yi mai hannu irin nasa ba a zamaninsa. Mutumin kirki ne, mai salla a kan lokaci, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, maƙwabta ba su taɓa jin muryarsa ta ƙetare katanga ba. Abin da aka riƙe shi da shi guda ne tak: an yi masa tambaya a gaban jama'a, ya ba da amsar gaskiya.

Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a fadamar Rima. Yana saurayi ya shigo Sakkwato cin rani, yana sayar da itace, da niyyar komawa kafin ruwan farko. Wata rana ya sauke kayansa a ƙofar zauren Malam Gidaɗo don ya sha ruwa, sai ya hango mutane zaune a kan tabarmi, kowa da riga a cinya, allura na shiga tana fita. Ya tsaya kallo har mai itacen da suka zo tare ya gaji ya tafi. Ruwan farko ya zuba a shekarar ba da shi ba, haka ma na shekarar da ta biyo.

Malam Gidaɗo ɗan gidan malamai ne. Da Nasara suka ci garin, danginsa da dama sun karɓi alƙalanci da aikin rubutu a ƙarƙashin sabon mulki. Shi bai zagi kowa ba, bai kuma karɓa ba. Ya ce abincin allura ya ishe shi. Da safe yakan ba manya karatu, da hantsi a naɗe littattafai a ɗauko riguna, a yi ta yi har la'asar. Shi ke zana aikin da alƙalami da tawada a jikin ƙyalle: askokin da ke gangarowa daga kafaɗa, da tambari, wato da'irar nan ta ƙirji da ta baya, da linzamin da ke zagaye wuya. Mutanensa su bi zanen su cike da zare. In riga ta fita, sunanta rigar zauren Malam Gidaɗo. Ba mai tambayar wane ne ya riƙe allurar, kamar yadda ba a tambayar wace ce ta tuƙa tuwon da aka fito wa baƙo da shi.

Malam ba ya yabo. Wannan kowa ya sani, kowa kuma ya iya lissafinsa: gwargwadon faɗan da yake yi maka, gwargwadon yadda ya ɗauke ka. Wanda Malam ya daina yi wa faɗa, to ya fara tunanin wata sana'a. A zauren nan kuwa ba wanda ya sha faɗa kamar Hayatu.

"Kai, Baƙauye! Wanga tambari na ko ƙwaryar da jaki yat taka? Warware."

Hayatu ya warware, ya sake, ya koma gida ranar yana jin kamar an ba shi doki. Da shekaru suka tura, Malam ya ba shi 'yarsa Atika, wadda da aka nemi ta bakinta ta ce ita dai ba ta ce a'a ba. Daga nan kunya ta ƙaru a kan ladabi. Hayatu ba ya cin abinci inda Malam zai gan shi, ba ya ambatar sunansa ko da wani mai irin sunan ake nufi, tun daga bakin titi yake tuɓe takalmi. Malam kuma ya ci gaba da kiransa Baƙauye, abin da 'yan zauren suka ɗauka a matsayin babbar alfarma.

Sai dai akwai abin da Hayatu ya sani, ya kuma daɗe da saninsa: hannunsa ya wuce na Malam. Mai saye zai ɗaga riga, ya shafa tambarin da Hayatu ya ɓata wata guda a kansa, ya ce, "Kai, hannun Malam ba shi tsuhwa!" Hayatu ya ce, "Ƙwarai kuwa." Yana faɗa da zuciya ɗaya, ko kusa da haka. Abin da ya rage bayan kusan ɗin ɗan ƙarami ne, kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa. Ba ta hana shi tafiya, amma ya san da ita a kowane taku. Ba zauren yake so ba, ba kuma wata riba ba. Yana so ne wani, sau ɗaya, ya faɗi abin da baki.

Shekara ashirin da wani abu bayan zuwan Nasara, masinja ya zo da saƙo. Wani Bature, wanda gari ke kira Tsinke saboda sirantarsa, yana so kowace sana'a ta kawo mafi kyawun aikinta a filin da ke wajen Gawon Nama, inda a lokacin babu komai sai itatuwa da gonaki. Majema, dukawa, maƙera, masaƙa, maɗinka, kowa da kowa. Malam ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya ga irin wannan tun kafin Nasara.

"Mai mulki duk ɗaya na, baƙi ko ja," ya ce bayan masinja ya fita. "Gaisuwa shika so. Mu kai riga biyu, kada a ce mun yi rowa. Ni in yi ɗaya. Baƙauye, kai yi ɗayar, in ka iya."

Akwai wani Arzika a zauren, sa'an Hayatu, mai saurin baki da nawar allura. Shi ya ja Hayatu gefe a kan hanyarsu ta zuwa mabuga, inda ake buga riguna su yi sheƙi.

"Baƙauye, ka san abin da masinja yah hwaɗa mani? Ba gaisuwa ta ba. Gwaji za a yi."

"Gwajin mi?"

"A jera riguna, Nasara shi duba, shi ce wagga ta hi wagga. Yadda sukan yi ma dawakinsu ranar sukuwa. Na ɗaya, na biyu, na ukku."

"Mutane za a yi ma haka?"

"Mutane mana. An ce ƙasarsu ko ɗiyan da sunka haihwa sai sun jera su."

"Ka hwaɗa ma Malam?"

"In ce mashi mi? In ce, Allah shi gafarta Malam, za a auna ka kamar hatsi? Kai as surukinai, kai hwaɗa."

Hayatu ya yi niyyar faɗa, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ga lokacin bai dace ba: yau Malam yana da baƙi, gobe yana tari, jibi ransa a ɓace. A tsakanin nan ya sayo zaren tsamiya, wato alharinin gida, mafi kyau da ake samu a kasuwa, ya kuma yi abin da bai taɓa yi ba. Ya shimfiɗa ƙyallen a tsakar gidansa, ya ɗauki alƙalami ya zana da kansa. Atika tana kaɗi a gefe, ta ɗaga ido ta duba.

"Wanga zane ba na Baba na ba."

"Malam na da aiki da yawa. Sauƙaƙa mashi nika yi."

"To," in ji Atika. "Allah shi ba da ladar sauƙaƙawa." Ta koma kan mazarinta.

Ranar da za a naɗe rigunan, Malam ya buɗe ta Hayatu. Ya daɗe yana kallonta, ya matso da ita kusa da idonsa, ya nesanta. Can ya ce askar hagu ta yi tsawo, a naɗe. Hayatu ya yi ajiyar zuciya, yana zaton ya tsira.

Filin ya cika tun da hantsi. An kafa rumfuna, an shimfiɗa jajayen fatu da sirdi da takubba da sawayen ƙyalle na masaƙa, kowa ya tsaya bayan kayansa yana jiran a karɓa a yi godiya a watse. Malam Gidaɗo ya zo a ƙasa, cikin farar riga marar aiki ko kaɗan, kamar yadda manyan maɗinka suka saba. Tsinke ya iso da tafintansa, wani ɗan gari da ya yi makarantar Nasara amma bai manta gidan da ya fito ba. Baturen ya bi rigunan ɗaya bayan ɗaya, ya ware guda biyu, duka na zauren Malam. Sannan ya cusa hannu ta wuyan ta farko ya juye ta, ciki ya koma waje.

Aka yi salati a hankali. Riga ana dubanta ta inda mai ita ya nuna. Juye ta a gaban mutane daidai yake da baƙo ya wuce zaure kai tsaye ya leƙa cikin gida. Tsinke bai san ya yi wani abu ba. Shi a wurinsa bayan ɗinki shi ke nuna maɗinki, kuma, abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Bayan rigar Hayatu sumul yake kamar gabanta. Bayan ta Malam kuwa ga ƙulle-ƙulle, ga zaren da ya tsallake gida, ga inda allura ta ɓata hanya ta dawo. Idon Malam ya fara rauni, abin da duk zauren ya sani shekara da shekaru, babu kuma wanda ya taɓa gani.

Baturen ya ɗaga ta Hayatu ya yi magana. Tafinta ya gyara murya.

"Bature na tambaya, rigag ga ta wane zaure ta?"

"Ta zauren Malam Gidaɗo," mutane da dama suka amsa tare.

Tsinke ya ji an amsa da yawa, ya girgiza kai, ya nuna hannunsa, ya yi alamar ɗinki. Tafinta ya share gumi. Ya dubi Hayatu, don kowa ya san inda za a duba, ya rage murya yadda Baturen ba zai gane ba.

"Hannun wa, shika tambaya. Ce aikin Malam na, mu wuce. Ni na san yadda za ni juya mashi."

Ba a taɓa shimfiɗa wa mutum hanyar tsira mai faɗi kamar wannan ba. Kalma uku ce, ya kuma faɗe ta ga masu saye sau babu adadi. Malam yana tsaye kusa da shi, yana kallon ƙasa. Hayatu ya buɗe baki da niyyar faɗarta, har ga Allah. Abin da ya fito shi ne:

"Ni niy yi ta. Zane da ɗinki duka."

Rabin farko an tambaye shi. Rabin na biyu ba wanda ya tambaya, shi ne kuma wanda ya riƙa tashinsa daga barcin rana har ya tsufa.

Daga nan abin ya bi tsarin Nasara. Aka kira mai shela ya sanar. Mutumin ya yi shelar haihuwa da mutuwa da ganin wata, amma bai taɓa shelar cewa dattijo ya zo bayan surukinsa ba. Ya ambaci Hayatu a gurguje. Da ya zo kan Malam sai ya ɗauko kakanninsa tun daga zamanin jihadi, ya lissafa karatunsu da tsoron Allahnsu, ya yi ta ja yana fatan Baturen zai gaji. A ƙarshe ya ce "na biyu" kamar mai tari. Tsinke, wanda mutum ne mai son adalci, ya ce na bayan fili ba su ji ba, a sake da ƙarfi. Aka sake da ƙarfi.

Na biyu an ba shi almakashi. Na ɗaya an ba shi kujera, irin ta Turawa mai naɗewa, ta katako da tamfol. Sannan wani ya kafa akwatin ɗaukar hoto a kan ƙafa uku ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, tafinta kuma ya bayyana, yana kallon sama, cewa na ɗaya zai zauna a kujerarsa, na biyu ya tsaya a gefensa.

Hayatu ya durƙusa a ƙasa ya ƙi tashi. Tsinke ya ɗauka tawali'u ne, ya yi murmushi, ya ce a taimaka masa. Dogarai biyu suka kama shi ta hammata. Sai Malam ya yi magana, a natse, karo na farko tun da aka juye rigar.

"Zauna mana, Malam Hayatu. Kada ka tsai da mutane cikin rana."

Ya zauna. Mai hoto ya ce kada kowa ya motsa, ya kuma daɗe bai fito daga ƙyallensa ba. Hayatu bai ga taron ba, bai ga Baturen ba. Abin da ya gani ƙafafun Malam ne a gefen kujerar, sun yi ƙura saboda tafiyar da suka yi daga Ƙofar Dundaye, da igiyar takalmi ɗaya da aka ɗaure da zaren ɗinki. A nan, yana zaune sama da mutumin da bai taɓa yarda ya gan shi yana tauna ko goro ba, ya lura cewa an kira shi Malam Hayatu.

Ya naɗe kujerar ya rufe ta da mayafi, amma kujera ba ta ɓoyuwa. Arzika ya biyo shi har gida yana yi masa kirari.

"A ba Na-Ɗaya hanya! Baƙauye ya hau gadon Nasara! Kai, gobe in mun zo gaisuwa, daga ina za mu hwara duƙawa?"

"Arzika, don Allah."

"Don Allah mi? Ni dai na ce ka hwaɗa mashi. Ban ce ka hwaɗa ma duniya ba."

Labari ya riga shi isa gida. Atika tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"An ce ka zauna."

"Tilasta ni anka yi."

"Baba hwa?"

Ta jira har ya faɗa da bakinsa.

"Tsaye."

Ta ce ya kai abin bayan rumbu, kada ta gan shi a tsakar gidanta. Ba ta sake tayar da maganar ba har abada, ta kuma ci gaba da yi masa duk abin da mace ke yi wa miji, ba ragi. Kaji suka gano kujerar, suka same ta da amfani.

Washegari ya tafi zaure da shirin karɓar duk abin da zai zo: zagi, kora, ko a ce ya saki 'yar mutane. Ya tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a gefen buzun Malam. Da ya shigo, Malam ya yunƙura kamar zai tashi.

"Maraba da Malam Hayatu. Bismilla, ga wuri."

"Allah shi gafarta Malam, wurina na can bakin ƙohwa."

"A'a, can akwai rana. Zauna nan."

Haka aka ci gaba. Malam yana tambayarsa lafiyar iyali, yana neman shawararsa a kan launin zare, in an kawo fura ya ce a fara miƙa masa. Bai sake ce masa ya warware ko ɗinki ɗaya ba. Arzika kuwa, wanda da ba a cika kula shi ba, sai ga shi yana shan faɗa safe da yamma, yana fitowa yana washe baki.

Hayatu ya gwada dabara. Ya ɗauki wata riga ya karkatar da tambarinta da gangan, karkatar da ko makaho zai ji da hannu, ya kai gaban Malam ya durƙusa. Malam ya duba, ya shafa.

"Madalla. Sabon salo na? Mu namu ya tsuhwa."

Hayatu ya je ya kama ƙafa da limamin unguwa, wanda ya yi karatu tare da Malam. Liman ya tafi, ya dawo yana juya hannu. Malam ya ce shi bai san da wani laifi ba. Yaron ƙarya ya yi? Bai yi ba. To a kan me za a yafe wa mutum gaskiya? Liman ya ce ya duba iyakar saninsa, bai sami inda zai kama maganar ba.

Ana cikin haka kasuwa ta buɗe wa Hayatu. Hakimai suka fara aiko da ƙyalle, ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, da fatake suka bi sahu, kowa yana son rigar wanda Bature ya ce. Sukan zo zauren Malam, su gaida Malam da ladabi, sannan su tambaye shi, shi da kansa, wane ne na ɗayan. Malam ya nuna da hannu, ya ƙara da cewa ba su yi kuskuren zuwa ba. Hayatu ya ga ba zai iya jure ganin wannan ba, ya koma ɗinki a gidansa don ya raba Malam da masu tambaya. Gari ya ce to, ga shi nan, ya ci gasa ya fi ƙarfin zauren da ya rene shi.

Mutanen Sakkwato ba ƙin fifiko suke yi ba. Sun san wanda ya fi iya karatu, da wanda ya fi iya jima, da wadda ta fi iya fura, tun kafin a haifi kakan Tsinke. Sai dai suna da hanyar saninsa da ba ta bukatar a tsayar da wani a rana. Wanda ya fi, akan bar shi ya ji a gaisuwa, da inda ake ajiye shi a taro, da wanda ake aika wa in aiki ya gagara. Abin yakan ɗauki shekaru, wani lokaci sai a wurin jana'iza ake kammala faɗarsa. Bature ya zo da hanya mai sauri, wadda ke gamawa kafin azahar, kuma samari sun ga kyanta. Ba a daɗe ba aka fara jin na ɗaya da na biyu a bakin masu kokawa da masu tallar goro. Hayatu ya gina soro, rumbunsa bai taɓa yin ƙasa ba, ya aurar da 'ya'yansa cikin rufin asiri. Duk wanda aka tambaya misalin wanda ya ci nasara a unguwar, shi yake nunawa. Sunan Na-Ɗaya ya bi shi har ya danne na yanka, yana kuma amsawa, don in bai amsa ba sai a sake kira da ƙarfi. In ya hango Malam a hanyar masallaci yakan sake lungu, don kada dattijon ya tsaya ya ba shi hanya.

Da Malam ya ga idonsa na ƙara tafiya, ya ce zai nufi gabas ya sauke farali tun yana ganin hanya. A lokacin tafiyar ƙasa ce, ta shekaru, wadda tsoho ba ya cika dawowa daga ita. Ya bar zauren a hannun Arzika, ya bi gida gida yana neman yafiya kamar yadda matafiyi ke yi. Ranar tashi unguwar ta fito rakiya har bayan Ƙofar Marke, inda ayarin ya taru da jakuna da raƙuma. Akwai baƙi daga wasu garuruwa, akwai samarin da suke goye lokacin da aka yi taron Gawon Nama. Maganar ta kwanta, in ban da a ƙirjin mutum ɗaya.

Hayatu ya ga in Malam ya wuce, shi ke nan. Ya kuma yi tunani, wanda a ganinsa tunani ne mai kyau, cewa abin da aka ɓata a gaban jama'a a gaban jama'a ake gyara shi. Ya ratsa mutane, ya zube a gaban jakin Malam, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Jama'a, ku shaida! Rigad da Nasara yac ce ta hi, ba ni niy yi ta ba. Aikin Malam na. Ƙarya niy yi, Malam an na ɗaya!"

Masu ɗaure kaya suka tsaya. Baƙi suka fara tambayar wace riga, wane Nasara. Malam ya dube shi daga kan jakin, ya sauko a hankali, ya duƙa kusa da kunnensa. Abin da ya faɗa, Hayatu kaɗai ya ji.

"Ka kunyata ni da gaskiya, na haƙura. Yanzu kuma da ƙarya za ka ƙara? Tashi."

"Malam, ka yahe mani."

"Na san ka wuce ni tun kahin in ba ka Atika. Don mi kaka zaton na ba ka ita? Ina jiran idon ga shi ida tahiya, in tara mutane cikin zaurena, in ɗora ka bisa buzuna da hannuna, in hwaɗa da bakina. Abin da ni' aje maka ke nan. Ka tai ka amso shi hannun baƙo, cikin rana. Da ka amso, mi yar rage gare ni in ba ka?"

Malam ya miƙe, ya ɗaga murya daidai yadda al'ada ta tanada, ya ce in ya taɓa saɓa wa Malam Hayatu yana neman yafiya. Hayatu ya ce babu komai, Allah shi yafe mana baki ɗaya, don ita ce amsar, babu wata. Aka ɗora Malam a kan jaki, liman ya yi addu'a, ayari ya motsa.

'Yan rakiya suka tsaya har aka daina bambance mutum da dabba, sannan suka juyo. Hayatu yana tafe a baya, kansa a ƙasa. A gabansa wani tsohon bajemi yana ba wasu fataken Katsina labarin tun daga farko, da juye rigar, da shelar da aka sake, da kujerar, don sun matsa sai sun ji abin da ya sa mutum mai furfura ya faɗi a gaban jaki yana ihu. Ɗaya daga cikinsu ya waiwaya ya dubi hanyar gabas.

"Af, wannan dattijon mai farar riga? Na ɗauka wani babban malami ne."

"Babban malami na," in ji bajemin. "Shi ne dai yaz zo na biyu."